Wankan Jego a Ƙasar da Rana Ke Ɓuya

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "Hajiya Binta, wai da gaske ne can rana ba ta fitowa?" In faɗa, ta tafi, wata ta shigo, in sake daga farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta tambaya a miƙa mata ta karanta. Akwai kuma wani laifi da na yi a wannan tafiya, da yawanku kun ji shi da kunnenku ba ku san ni ce ba. Shi ma zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai alkakin nan ta Yakasai. Maigidana, Malam, marini ne a Ƙofar Mata. Shekara arba'in yana bakin karofi, rana na dukan ƙeyarsa, hannunsa shuɗi har gwiwa. Yana da ciwon fuka, amma ba ya son a ambata. Ni kuwa ban taɓa shiri da rana ba. Shekara ashirin da suka wuce na dame shi da mita har sai da ya rufe mini tsakar gidanmu ruf da kwano. A ƙarƙashin kwanon nan nake tuya, nan nake shanya, nan nake salla. In zan fita unguwa kuwa hijabi har ƙasa, daga ƙofar gida sai cikin adaidaita. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Autarmu Rabi ce ta haihu. Ma'aikaciyar jinya ce, ta bi mijinta Kabiru da yake karatu a ƙasar Finlan, can wani gari a arewacinsu. Da aka ce haihuwar fari ce kuma ba kowa kusa da ita, na ce ba 'yar da na haifa da za ta yi jego ba wankan ruwan zafi, ko da a bayan duniya take. Kabiru ya yi ta fama da takardu har aka samu. Ana cikin sanyin ƙarshen shekara na ɗaure kaya: kanwa ungurnu, gero surfaffe, daddawa, kuka, kilishi, man shanu, turaren wuta, da busasshen ganyen darbejiya cike da leda babba.

Malam ya raka ni tasha. Ya miƙo mini wani zane mai kauri da ya rina da hannunsa ya ce in riƙa yafawa. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, in kin ga ranarsu ki gaishe mini da ita." Shi duk bankwanarsa ke nan, mutumin da muka shekara talatin da tara ba mu taɓa raba gari ba sai aikin Hajji.

Daga Kano zuwa Kaduna lafiya lau. Daga nan kuwa ba wanda ya yarda in bi hanyar Abuja a mota, saboda lokacin masu satar mutane sun matsa. Jirgin ƙasa na shiga, na samu wuri kusa da wani mutum mai babbar riga da ya kwashe tafiyar yana ba ni labarin waɗanda aka sace da sunayen ƙauyukansu. Na ce, "Alhaji, don Allah ka bari mu sauka tukuna." Ya ce ai shi don ya kwantar mini da hankali yake faɗa.

Jirgin sama ba baƙona ba ne, na je Makka. Amma na Makka cike yake da namu, kowa na kiran kowa. Wannan shiru kamar ana zaman makoki. A Santambul aka sauke mu mu canza jirgi. Allah ya haɗa ni da wata 'yar kasuwa mai saro abaya, ta kama hannuna ta ɗora ni a kan matakalar nan mai tafiya da kanta. Hawa bai ba ni wuya ba. A wajen sauka ne na tsaya ina jira ta tsaya, ita kuma ba ta da niyya, sai da na dira da gudu na rungumi wani Bature da ban san shi ba. Ya ce wani abu, na ce masa Allah ya ba da haƙuri, muka rabu.

A iyakar Finlan kare ne ya fara yi mini maraba. Ya wuce akwatunan mutane wajen ashirin, ya zo kan nawa ya zauna. Na san daddawa ce, don ko ni ina jin ta ta cikin leda uku. Wani ma'aikaci dogo ya kai ni gefe ya buɗe. Na miƙa masa wasiƙar da Kabiru ya rubuta mini da yarensu, ya karanta, ya ɗago kanwa ya juya ta, ya dube ni. Na kira Rabi a waya ta yi mana tafinta.

"Umma, yana tambaya wannan dutsen na mene ne."

"Ki ce masa kunu ake yi wa mai jego."

"Ya ce dutse ake sha?"

"Ki ce masa uwata ta sha, na sha, ke ma za ki sha."

Kilishi da man shanu dai suka tafi, ya ce nama da kayan nono ba sa shiga. Na ji zafin kilishin nan, na Malam ne ya sayo wa surukinsa. Da ya zo kan ganye, Rabi ta yi masa bayanin yadda ake tsoma shi a tafasasshen ruwa a fyaɗa wa mai jego a jiki. Sai na ga fuskarsa ta saki, ya yi murmushi, ya mayar da ganyen ya zuge jakar da kansa. Ban gane dalili ba sai daga baya.

Kabiru ya tarye ni, muka sake shiga jirgin ƙasa muka yi ta arewa. Na yi ta leƙen taga ina jiran gari ya waye sosai. Wajen ƙarfe goma ya ɗan yi fari-fari kamar hadari ya haɗu. Kafin in gama cin burodin da ya saya mini, wani baƙin burodi mai tsami da tauri, gari ya fara rufewa. Ina jin nauyin yi wa suruki yawan tambaya, amma ban iya daurewa ba.

"Kabiru, husufi ake yi?"

"A'a Umma, yinin ke nan. Ya ƙare."

Kwana goma sha ɗaya na yi a garin nan kafin in ga ƙwayar rana da idona. Ranar da na gan ta, can ƙasa-ƙasa take bayan itatuwa, ja, ba zafi ko kaɗan. Na isar mata da gaisuwar Malam, ta koma. Salla kuwa da alwala ɗaya nake azahar da la'asar da magariba, ina sallame wannan in ɗan ja carbi sai waya ta kira waccan.

Gidan su Rabi hawa na uku ne, ɗaki biyu da falo, da ɗumi kamar cikin ɗakin tuya. Maƙwabta kuwa ba ka jin motsin kowa. In kun haɗu a matakala ka yi sallama sai mutum ya kalli takalminsa. Na ce wa Rabi ko an yi musu rasuwa ne, ta ce a'a, haka suke girmama mutum, ba sa son su dame shi. Kwana uku da zuwana na kunna turaren wuta a kasko don ɗakin mai jego ya yi ƙamshi. Wani abu a silin ya fasa ƙara, jaririya ta fasa tata, Kabiru ya fito da tawul yana fifita sama. A ranar na san maƙwabta suna da rai. Wata tsohuwa mai farin gashi daga ɗakin da ke kallon namu ta ƙwanƙwasa, ta shigo, ta shinshina iska, ta nuna kaskon ta ɗaga babban yatsa. Sunanta Aino, kuma tun daga ranar muka ƙulla.

Babbar matsalata wanka. Ba murhu, ba tukunyar ƙarfe, ba itace. Banɗakin kuwa in ka fyaɗa ganye sau biyu ruwa ya kai falo. Rabi ta gaya wa Aino damuwata tana dariya. Tsohuwar nan ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta kai ni ƙasan benen, ta buɗe wani ɗaki na katako mai benci hawa-hawa da tulin duwatsu masu zafi. Ta watsa musu ruwa, tururi ya tashi ya daki fuskata. Sannan ta ɗauko damin ganye ta shiga fyaɗa wa bayanta. Na tsaya baki buɗe. Ashe mutanen nan gaba ɗayansu, maza da mata, wankan jego suke yi duk mako, ba tare da sun haifi kowa ba. Nan na gane murmushin ma'aikacin iyaka. Rabi ta ce sai an ɗan jira jikinta ya yi ƙwari, kuma ba za ta yarda da ruwa mai salɓe fata irin namu ba. Muka yi ciniki, ta rage, na rage. Amma ganyen darbejiyar Kano ya yi aikinsa a ɗakin nan, har Aino ta karɓi nata.

Abinci dai kifi ne da dankali, gobe dankali da kifi. Aino ta taɓa ba ni wata baƙar alewa, na jefa a baki da murna, sai na ji kamar na tauni kanwa da gishiri. Na rama da kunun kanwa. Ta shanye kofi guda ta nemi ƙari, ni ce na ji kunya.

Abu ɗaya ne ya kusa raba mu. Wata rana na leƙa baranda na ga keken jarirai a waje cikin ƙanƙara, da jikar Aino a ciki. Na fita ba takalmi na sunkuto yarinyar na shigo da ita ina salati. Ashe barci aka kwantar da ita. Wai haka suke yi, a naɗe yaro da kyau a ajiye shi a waje ya sha iska. Na ce wa Rabi duk ranar da ta gwada wannan da jikata, a ranar zan goya ta mu kama hanyar Kano ko a ƙafa.

To, ga inda maganar take. Kullum da safe ina ganin Rabi tana ɗiga wa jaririya wani ruwa daga 'yar kwalba. Na tambaya, ta ce bitamin D ne, abin da fatar mutum ke haɗawa in rana ta taɓa ta, yana ƙarfafa ƙashi, yana taimakon jiki. Da yake su ba su da rana rabin shekara, sai su saya a kwalba. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce Allah sarki, abin da muke gudu muna neman inuwa shi ake sayar wa bayin Allah da cokali.

Ba a yi wata guda ba ƙafafuna da bayana suka matsa mini. Dama na daɗe da ciwon, ina cewa tsufa ne da zaman tuya. Rabi ta kai ni asibiti aka ɗebi jini. Da muka koma, likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Rabi ba, ta dubi takarda ta yi magana. Na ga Rabi tana danne dariya.

"Umma, ta ce bitamin D ɗinki ya yi ƙasa ƙwarai. Wai rana ce ba ta ishe ki ba."

"Ni? Ki gaya mata daga Kano nake."

"Na gaya mata. Ta ce ba tun zuwanki nan ba ne, ya daɗe. Tana tambaya, a Kano awa nawa kike yi a rana kullum?"

Na buɗe baki zan ba da amsa, sai kwanon tsakar gidana ya faɗo mini a rai. Likitar ta ci gaba da bayani, Rabi na juyawa: mai duhun fata ya fi bukatar daɗewa a rana, wanda ke rufe jiki kuma yana yini a ɗaki zai iya rasa abin ko a ina yake. Ta ce cututtuka irin su mura sun fi yawo a lokacin sanyi, hasken rana kuma yana kashe ƙwayoyin cuta a kan abin da aka shanya. Ta faɗi wasu abubuwan bayan wannan, masu "amma" da "sai dai" a ciki. Ni ban saurara ba, raina a ɓace yake, an ce 'yar Kano ba ta da rana. Na fito da kwalbata irin ta jikata, da rabin magana a kaina.

Ana haka korona ta shigo. Kwanan komawata ya zo aka ce an rufe filayen jirgi, ba shiga ba fita. Kowa ya shige ɗaki, ko da yake a garin nan ban ga wani bambanci ba, dama can tazarar suke bayarwa. Daga gida kuwa waya ba ta tsayawa. Aminiyata Hajiya Gaji, maƙwabciyarmu, ta kira ni hankali a tashe, ta ce an ce abin ya iso Najeriya, ni da nake cikin Turawa me na ji? Na ji daɗin tambayar, ba zan ɓoye ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na gyara murya, na yi mata saƙo. Ga abin da na ce, na haddace shi don na ji shi ya fi sau ɗari:

"Hajiya Gaji, ki kwantar da hankalinki. Ni da kaina na zauna da likita a nan. Cutar nan ta ƙasashen sanyi ce, rana kashe ta take yi. Su nan ranar ma a kwalba suke saye. Mu da Allah ya ba mu ita kyauta, ga bazara ta shigo, wallahi ko ta zo Kano ba za ta kwana ba."

Mutum ɗaya na aika wa. Bayan kwana huɗu Kabiru ya fito falo da waya a hannu, yana kallon ƙasa, ya ce, "Umma, wannan kamar muryarki." Wani abokinsa ne ya turo masa daga Legas. An sa wa saƙon kanu: wai jawabin wata babbar likita 'yar asalin Kano da ke shugabantar asibiti a Turai. Ni da ko allura ban iya kallo ba. Da farko har na ɗan ji kaina ya kumbura. Sai na ga fuskar Rabi.

Ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi mini magana a tsaye ba sai ranar.

"Umma, rana tana kashe ƙwayar cuta a kan tabarmar da aka shanya. Ba ta shiga tsakanin hancin mutum biyu da ke zaune a zaure ɗaya. Abin da ya sa mura ta fi yawa da sanyi, har da cewa mutane na cunkushewa a ɗaki su rufe taga. Mu kuma da zafi muke cunkushewa, kowa ya gudu inuwa ɗaya. Bitamin ɗin ma yana taimakon jiki ne, ba sulke ba ne, masanan kansu ba su gama sanin iyakar amfaninsa a wannan cutar ba. Likitar ta faɗa miki duk wannan."

"To ai na ji."

"Ba ki ji ba. Kin kira Baba?"

Na kira Malam a take. Na ji hayaniya a bayansa, na ce ina yake? Ya ce daga jana'iza suke, sun zauna zaman gaisuwa a zauren mamacin. Na ce ya tashi ya tafi gida, ya sa takunkumi, ya tuna da ƙirjinsa. Ya yi dariya.

"Hajiya, ai har nan an kunna mana jawabinki. Na ce musu matata ce, ba su yarda ba. In dai rana ce magani, wa ya kai ni sha? Shekara arba'in."

"Malam, kuskure na yi."

"To likita ta fasa ke nan?"

Tsokana ya ɗauke ta. Na sake yin wani saƙon, na ce ni ce mai maganar farko, ni ba likita ba ce, mai alkaki ce, a yi watsi da abin da na faɗa. Na aika wa Hajiya Gaji na roƙe ta ta yaɗa. Ta tura wa mutum shida. Biyu suka ce an tsorata likitar ne aka sa ta janye. Sauran ba su ma buɗe ba, an ce ya yi tsawo.

Kun san abin da ya biyo baya, kuna nan. A tsakiyar zafin nan da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, dattawan cikin gari suka yi ta tafiya. Kullum in an kira ni sai an ce wane ya rasu, wane ma. Ban ce duk cutar ce ba, Allah ne masani. Amma rana tana nan a sama ba ta fasa fitowa ko sau ɗaya ba.

Ana cikin azumi Malam ya ce mini wani abu da ya ɗauka abin dariya ne. Ya ce ya leƙa karofi ya sunkuya bai ji warin baban rini ba. Marini da hanci yake sanin rini ya nuna, kuma warin nan ko daga bakin titi ana jin sa. Na gaya wa Rabi, ta ajiye cokalin da ke hannunta, ta ce daina jin wari da ɗanɗano alamar cutar ce. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, numfashi ya fara yi masa wuya. Babban ɗanmu Nasiru ya kai shi asibiti, aka keɓe shi, aka hana kowa shiga.

A daidai lokacin ne kuma ranar Finlan ta ga dama ta fito, ta kuma ƙi komawa. Azumi ya yi tsawon da ban taɓa gani ba. Mutanen da ba sa iya kallon idonka suka tuɓe riguna suka baje a kan ciyawa kamar an shanya barkono. Aino kullum sai ta ƙwanƙwasa ta tsaya nesa ta nuna mini waje, wai in fito in sha rana. Ni kuwa ko labule ba na so a ɗaga. Ina ganin hasken sai in ji muryata tana cewa "ba za ta kwana ba." Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji kunya. In Malam ya tafi, na san da bakina na raka shi zauren nan. Kwana goma sha shida ina zaune da waya a cinya. A na sha bakwai Nasiru ya kira ya ce ga Baba. Muryar ta yi siriri, yana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Hajiya. Kunun asibitin nan ba daɗi."

"Ka ji ɗanɗanonsa ke nan?"

"Na ji. Da ban ji ba ya fi."

Na ajiye wayar na yi kuka har jikata ta taya ni.

Sai da damina ta yi nisa aka buɗe hanya. Na je jegon kwana arba'in, na baro yarinya tana rarrafe. Aka zura mini tsinken gwajin korona a hanci kafin in tashi, aka sake zura wani da na sauka. Aino ta ba ni damin ganyensu da ledar baƙar alewar nan, ni kuma na bar mata sauran kanwa da kaskon turare, na ce ta riƙa kunnawa a baranda.

Da na iso Kano na hana Nasiru zuwa tasha, na ce ya zauna da babansa. Na tari adaidaita zuwa Yakasai. Mun zo wajen Ƙofar Mata direban ya ga takunkumina ta madubi ya ce, "Hajiya, ki cire abin nan ki sha iska, ai ba ta zama a garin nan. Bari ki ji." Ya latsa waya, sai ga ni ina cewa, "Hajiya Gaji, ki kwantar da hankalinki."

"Malam direba, kashe. Ni ce mai maganar nan."

Ya waiwayo ya dube ni da jakunkunana.

"Haba Hajiya. Wannan fa likita ce."

"Alkaki nake sayarwa. Ƙarya ce, kuma ta kusa kashe mini miji."

"To Allah ya ba shi lafiya," in ji shi, da irin muryar da ake lallashin marar hankali. Bai kashe ba sai da na gama jawabina. Don haka duk wanda yake da saƙon nan a wayarsa, na roƙe shi don Allah ya goge.

Na yi sallama na shiga gida, sai na tsaya. Tsakar gidan da na sani da duhu-duhu yau da haske a tsakiyarsa. Na ɗaga kai. An cire falle ɗaya na kwanon, rana ta sauko ta kwanta a ƙasa daidai faɗin tabarma, kuma an shimfiɗa tabarmar a wurin. Malam na zaune a kujera can gefe cikin inuwa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Hannunsa na fara kalla: shuɗin ya koɗe, na ga ainihin fatarsa, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu. Har yanzu ba shi da ƙarfin komawa karofi.

Na durƙusa na gaishe shi. Na fara cewa, "Malam, maganar nan da na yi," ya ɗaga hannu.

"Rana ba ta kashe korona, wannan na gwada da kaina. Amma Rabi ta ce ƙasusuwanki na so. Kullum da hantsi, kafin ta yi zafi. Zauna."

"In ruwa ya sauko fa?"

"Sai mu sa bokiti. Zauna, Hajiya, tana wucewa."

Na cire hijabi na ninke, na naɗe hannun riga, na zauna a kan tabarmar. Shi yana inuwa yana kallona, ni ina rana. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Kin gaishe mini da tasu?"

Na ce na gaishe ta.

"Ta amsa?"

Na ce ba ta kai tamu ba. Ya gyaɗa kai, ya ce in matsa hagu kaɗan, hasken ya fara barin ƙafata.